Inna, Ban Ci Barewar Ba

Zuwa ga mahaifiyata Inna Dije, wadda ke kwance gabas da garinmu, can bakin fadama.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya irin wadda 'ya ke yi wa uwa, ina roƙon Allah ya sa kina cikin ni'imarsa. Ni ce autarki Hansai, nake rubuto miki daga unguwar Malaz a birnin Riyad. Jikina lafiya ƙalau, alhamdu lillahi.

Na san takarda ba ta zuwa inda kike. Na kuma san tunda jarida zan aika wa wannan, masu leƙe ta bayan kafaɗata ne za su karanta, ciki har da 'yan'uwanmu na nan Riyad da suka mai da ni abin taunawa a falo. To su matso su karanta da kyau, don na gaji da maimaita zance ɗaya ga kowane mai tambaya. Da ke nake magana, su kuwa 'yan sauraro ne.

Ga labarin a dunƙule, Inna. An sallame ni daga aiki saboda loma ɗaya ta naman barewa da na ƙi ci. An ba ni damar in ci in koma bakin aikina, na sake ƙi.

Kin san yadda na zo ƙasar nan bayan rasuwar baban su Jamila, na bar miki yara biyu na biyo aikin nas. Abin da ba ki sani ba shi ne, shekarun nan na baya ba a asibiti nake wuni ba. Mai asibitin, wani attajiri da ake kira Mansur, shi ne kafilina, wato da sunansa nake zaune a ƙasar, fasfona ma a ofishinsa yake kwana. Shi ya ɗauke ni ya kai ni gidan mahaifiyarsa a unguwar Murabba. Ummu Mansur tsohuwa ce mai ciwon sukari, ga wani gyambo a diddige da likitoci suka ce sai dai a yanke ƙafar. Na zauna da ƙafar nan kamar mai rainon jariri, wanki safe da yamma, bandeji, allura, faɗa a kan dabino da zuma. Allah ya taimake ni gyambon ya rufe, tsohuwa ta taka ƙasa da ƙafarta. Tun daga ranar ta daina ce min Takruniyya, sunan da suke kiran duk baƙar fata irinmu, ta koma ce min binti, 'yata. Ina son matar nan, Inna, kuma har yanzu da nake wannan rubutu ban daina ba. Ina so ki riƙe wannan kafin ki ji sauran.

Su mutanen nan, da zarar an yi ruwan ƙarshen sanyi hamada ta yi kore, sai gari ya ishe su. Kowa ya ɗaure kaya ya nufi daji. Mansur yana da wani makeken fili arewa da birni wanda ya kewaye da waya, ya zuba namun daji a ciki, ya kafa sansani don baƙinsa su je su kwana su yi kallo. Bana da tsohuwa ta samu ƙafa ta ce ba wanda ya isa ya bar ta a gida. Inda ta je kuwa can jakar alluraina take zuwa.

Da an ce miki tanti, za ki tuna bukkar da muke yi a gona lokacin tsaron gero. To ki cire wannan a ranki. Tantin da aka sauke mu ya fi zauren dagaci girma, an shimfiɗe shi da kafet mai laushin da ƙafa ke nutsewa, ga gadaje na katako, ga fitilun ƙarau suna reto a sama. Akwai banɗaki mai famfon ruwan zafi a tsakiyar rairayi, ruwan kuwa tanka ce ke kawo shi daga birni. Janareta na ta gurnani a bayan tudu don firji da na'urar sanyi. Masu dafa abinci daban, masu zuba gahawa daban, mai turara tanti da turaren wuta shi ma aikinsa ke nan. Na tsaya ina dariya ni kaɗai, na ce lallai mutanen nan sun gudo daga birni, amma sun ɗauro shi a bayan mota.

Da hantsi kafin rana ta yi zafi ake fita kallo. A saka tsohuwa a gaban wata babbar mota da suke kira jims, ni da surukanta mata a baya, kowa da madubin hangen nesa a hannu. Direba ya bi a hankali har wani kwari da suke ce wa rauda, inda ruwan sama ke taruwa ya kwanta, ciyawa da furanni su fito kewaye da shi. Inna, da na hango ruwan nan sai na ga ai fadamarmu ce aka ƙanƙanta aka ajiye a tsakiyar hamada. Ga zalɓe yana tsaye da ƙafa ɗaya, ga shamuwa, ga agwagin ruwa sun sauka hutun tafiya. Matan suna ta buɗe wani littafi mai hotuna suna neman sunayensu, ni kuwa ina gaishe su a zuci, don tare muka yi wanki da irinsu a bakin kogi. Akwai farin mariri mai dogon ƙaho, akwai jiminu da aka sayo daga wata ƙasa suna yawo suna harare-harare kamar waɗanda aka yi wa alkawari aka saɓa.

Sai kuma barewa, garke guda. Ke kin san abin da ke tsakaninmu da barewa, amma masu leƙe ba su sani ba, don haka ki yi haƙuri in faɗa a gabanki.

Kin sha ba mu labarin kakar kakarki, wadda mahara suka watsa ƙauyensu ta faɗa daji da goyo a baya. Ƙishirwa ta kusa kashe ta ita da jaririyar, sai ta ga barewa tana tafiya tana waiwaye, ta bi ta har bakin wani tafki. Da ta sha ta farfaɗo, sai ta ce ita da 'ya'yanta mata da 'ya'yan 'ya'yanta mata sun bar cin barewa. Maza ba ruwansu, su ci abinsu. Ba ki taɓa ce mana haramun ce ba. Abin da kike cewa kullum shi ne, "Wanda ya nuna maka ruwa ba ka sa shi a tukunya."

Ina tuna ranar da wani maharbi abokin Baba ya kawo mana cinya guda. Ba ki yi gardama ba, ba ki ɓata rai ba. Kika aike ni maƙwabta na aro tukunya, don ba ki yarda ta shiga taki ba. Kika dafa wa maza ita da yaji da daddawa har ƙamshi ya cika unguwa, kuma da lokacin ɗanɗana gishiri ya yi sai kika kira Yaya Sale ya ɗanɗana miki. Ni ina gefe yawuna na tsinkewa, ina kuka ina cewa an yi min rowa. Kika ja ni ɗaki kika fasa min ƙwai biyu na zabuwarki, kika soya min da man shanu, muka ci tare a kwano ɗaya. Baba yana daga tsakar gida yana tsokanarki wai ga dangin barewa can sun shiga zaman makoki. Kika ce masa ya ci a hankali kada ƙashin surukarsa ya maƙale masa.

To a garken Mansur akwai wata mai karyayyen ƙaho ɗaya, ba ta tsoron mota. Kullum ita ce ke matsowa kusa, ta tsaya tana kallonmu tana kaɗa 'yar wutsiyarta. Ni kuma bakina bai iya shiru ba. Duk fitar da muka yi sai na nuna wa tsohuwa ita, in ce dubi kyakkyawar nan, wallahi duk garken ita ta fi shiga raina. Tsohuwa ta yi murmushi ta gyaɗa kai. Na zauna da Larabawa shekaru, na san in baƙo ya yaba abu a gidansu to an ba shi ke nan. Na san haka a kan turare da mayafi da kofin shayi. Ban taɓa kawowa a raina cewa dokar ta hau kan mai rai ba.

Ranar Juma'a aka yi babbar walimar rana. Matan manya daga sauran tantuna duk suka hallara a namu, zinariya har gwiwar hannu. Na duba sukarin tsohuwa, na yi mata allurarta ta kafin cin abinci kamar kullum, na koma gefen da na saba zama kusa da ƙofa. Sai ta ce a'a, yau kusa da ita zan zauna. Ta riƙe hannuna ta gaya wa matan nan cewa wannan ce ta ceci ƙafarta, kuma yau saboda ni aka yi yanka. Sai ga mata biyu sun shigo da tire, shinkafa ta yi tudu, nama a kai, kan dabbar kuma an ɗora shi a tsakiya yadda suke yi don baƙo ya ga abin da aka yanka masa. Ƙaho ɗaya ne a kan, ɗayan guntu.

Inna, ban san lokacin da na janye hannuna na tura shi ƙarƙashin mayafi ba. Tsohuwa ta yago tsoka da hannunta ta ajiye a gabana, ta ce, "Kuli, ya binti," wato ci, 'yata. A wurinsu ba mai sa hannu sai wanda aka yi wa yanka ya fara, don haka duk tantin aka zuba min ido. Na tattaro ɗan Larabcina na asibiti na yi mata godiya, na ce ta girmama ni fiye da yadda na cancanta, amma uwata ba ta cin wannan, ni ma ba na ci. Wata surukarta ta tambaye ni ko haramun ne a ƙasarmu. Na ce halal ne, a ƙasarmu da ko'ina. Ta ce to mene ne? Na ce alkawari ne na gidanmu. Na ji wata daga baya ta yi 'yar dariya ta ce wa ta kusa da ita, ai dama mutanen Afirka da tsafe-tsafe.

Tsohuwa ta ji wannan dariyar, kuma na ga yadda ta soke ta. An kunyata ta a gaban baƙinta, a tantin ɗanta, a kan tiren da ta yi kwanaki tana shirya min a ɓoye. Sai ta ɗaga murya ta rantse da Allah cewa ba za ta sa hannu a abincin nan ba sai na ci.

Nan ne abin ya yi min nauyi, don ni na san abin da ke yawo a jininta. Wanda aka yi wa allurar sukari bai ci abinci ba, faɗuwa zai yi. Na dube ta, na dubi tsokar nan, kuma ba zan ɓoye miki ba, hannuna ya motsa. Sai na tuna rantsuwarta a kan tire ta tsaya. Na tashi na ɗauko dabino da madara na durƙusa a gabanta. Ta kau da kai. Na miƙa wa 'yarta ta cikinta da ke zaune kusa, na ce in tana son uwarta ta ba ta yanzun nan. Daga hannun 'yarta ta karɓa. Na tsaya a bakin ƙofa ina lura da ita har na tabbata gumi bai karyo mata ba, hannunta ba ya rawa. Masu cewa na yi wasa da ran majinyaciyata, ga amsarsu nan, kuma Allah yana gani.

Kafin la'asar saƙon Mansur ya iso daga tantin maza cewa in haɗa kayana. A motar da ke komawa birni da tukwanen gas da suka ƙare aka saka ni. Na zo a jims mai sanyi, na koma ina rungume da jakata tukwane na ƙara a bayana. Da muka bi ta gefen rauda garken yana nan yana kiwo, ko ɗaga kai ba su yi ba. A nan na yi kukana, direban ɗan Sudan ne mai kunya, ya ƙara muryar rediyo ya ƙyale ni.

Kafin in kwance jakata labari ya gama Malaz ya haura unguwar Nasim. Kin san mu, ko a bakin duniya muka haɗu sai mun kafa majalisa. Hajiya Asabe, matar wani injiniya ɗan Kano wadda ita ce uwar ɗakinmu duka a nan, ta zo har ɗakina ko mayafi ba ta cire ba. Ta ce, "Ke Hansai, wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Iƙamarki, takardar zamanki a ƙasar nan, tana hannun mutum, ki tsaya kina masa tarihin kakanni?" Ta ce in ma na ƙi ci, me ya hana ni in ce hasasiyya gare ni, wato naman yana tayar min da borin jini? Ni nas ce, wa zai musa min? Da tuni an ce maskina, wato abar tausayi, an kawo min kaza, zance ya mutu.

Gaskiyarta, da ya mutu. Dabarar ma ta zo min tun ina zaune gaban tiren. Amma Inna, in buɗe baki in mai da ke ƙuraje? In ce abin da kika riƙe har kika koma ga Allah wani ciwo ne da ke fito min a fata? Tsohuwar nan ta tsaya a gaban mutane ta kira ni 'yarta. Wadda ta yi min haka ta cancanci in gaya mata 'yar wace ce ni tun asali, ko da ba za ta ji daɗi ba.

Sai kuma wani ɗalibi ɗan ƙasarmu da ke karatu a jami'ar nan, wanda gemunsa bai gama haɗewa ba, ya aiko matarsa ta gaya min wai abin da na yi ragowar maguzanci ne, in tuba, don ba a haramta abin da Allah ya halatta. Na ce ta koma ta tambaye shi a ina ya ji na haramta. Ke da kanki kin dafa wa mijinki da ɗanki. A makarantar allo ta garinmu ma an karantar da mu cewa an taɓa ajiye wa Fiyayyen Halitta naman damo bai ci ba, bai kuma hana na kusa da shi ci ba. Ban bauta wa barewa ba, ban roƙe ta komai ba, ban ce in na ci wani abu zai same ni ba. Na san sarai in na ci ba abin da zai faru sai ƙoshi. Mutum ya bar goro don likita ya ce, a yaba masa. Ni na bar nama ɗaya don uwata ta ce, sai a kawo min takardar tuba.

Kaset ɗin Yaya Sale shi ya fi ƙona min rai. Wani mai dawowa daga hutu ya kawo min, na saka a rediyo ina murna zan ji muryar yara. Daga sallama sai faɗa. Wai na san halin da ƙasa ke ciki kuwa? Tun da soja suka dawo, madara da sabulu sai an bi layi, asibitoci ba magani, gwamnati ba ta ɗaukar ma'aikata. Wai wa zai riƙe karatun Jamila da ƙaninta? Wai ke ma da kina raye cewa za ki yi in ci. Ki ji fa, Inna. Mutumin da ya yi ƙuruciyarsa yana ɗanɗana miki gishirin barewa, yau shi ne mai fassara min zuciyarki.

Ba zan ce maganarsa duk banza ce ba. Karatun yaran nan a wuyana yake, kuma ina jin tsoro. Nakan zauna in rasa ta inda zan fara in na sauka. Amma ba zan bar shi ya sa miki magana a baki ba. Ke da kika yi shekarar fari kina tankaɗe dusa, maharba suna yawo da naman daji araha, ba ki karya ba. Barewa kuwa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ko shi Yaya Sale ya san wannan.

Bayan kwanaki sakataren Mansur ya kira ni ofis. Ya ce maigida mutum ne mai sauƙi, kuma mahaifiyarsa ta ciyar da miskinai kaffarar rantsuwarta, amma ranta bai huce ba. An ajiye cinya ɗaya a firji. In je Murabba ranar Juma'a, a dafa, in ci loma ɗaya a gaban surukan nan da suka ga abin da ya faru, shi ke nan, khalas, a sabunta min iƙama har da ƙarin albashi. In kuwa na ƙi, sai huruj, fita ba dawowa. Ya faɗa yana murmushi, shi a ganinsa alheri ya kawo min.

Na je Murabba, amma da safe na je, kafin a ɗora tukunya. Na sami tsohuwa a kan gadonta, wata nas 'yar Filifin da aka kawo a madadina tana gefe. Na sumbaci goshinta kamar yadda na saba. Na ce mata ban zo ci ba, na zo in ba ta haƙuri a kan kunyar da ta ji ta dalilina, don wannan kam ban so ba, kuma in duba diddigen.  Da na kai hannu zan ɗaga bargo, sai ta janye ƙafar ta naɗe ta. Ƙafar da na yi wata da watanni ina wankewa, Inna. Wannan ya fi min korar ciwo nesa ba kusa ba. Na ja 'yar Filifin ɗin waje na nuna mata inda fatar ke fara tsagewa in sanyi ya shigo, na gaya mata tsohuwa tana ɓoye dabino a cikin matashin kai, ta riƙa dubawa. Sannan na fito.

Yanzu bari in gaya miki abin da ban gaya wa Hajiya Asabe ba, ban kuma gaya wa Yaya Sale ba.

Ranar da waya ta iso cewa jikinki ya tsananta, na je ofishin nan na roƙa a ba ni fasfona da bizar fita. Aka ce gyambon tsohuwa yana tsaka mai wuya, in bari bukra, gobe. Goben ta yi ta haihuwar wata goben. Na koma na ci gaba da wanke ƙafa, don ina tunanin yara. Ina cikin wannan jiran aka aiko cewa an kai ki. Ban ga fuskarki ba, ban zuba miki ruwa ba, ban zauna zaman makokinki ba. Da na samu zuwa hutu daga baya, na tarar an raba kayan ɗakinki, tukwanenki sun watsu gidajen dangi, ɗakin ma an zuba buhunan gero a ciki. 

Na haƙura da sunan da suka kira ni da shi, na haƙura da fasfona a aljihun wani, na haƙura da rashin ganin gawarki. Duk wannan na haɗiye shi saboda abinci. Abin da ya rage min naki a duniya, wanda ba a raba gado da shi ba, ba kuma mai karɓe shi a filin jirgi, shi ne wannan ɗan abin da ba na ci. Sai ga shi an ɗoro shi a tire an ce shi ma in miƙa. Ko labarin kakar kakarki ya faru, ko wata tsohuwa ce ta ƙirƙira don ta yi wa jikoki hira, ban sani ba, ban kuma damu ba. Daga bakinki na ji shi, a ɗakinki, muna cin ƙwai a kwano ɗaya, kuma wannan ya ishe ni.

Ina kewarki, Inna. Ina kewarki har wani lokaci nakan rasa inda zan sa kaina. Da ace kina nan, na san da farko za ki yi min faɗan bakin da ya yaba dabbar mutane har aka yanka ta, sannan ki matso min da tabarma.

Jiya aka kawo min fasfona har ɗaki. Bizar da na yi ta roƙo a kanki aka hana ni, yanzu an buga min ita ban ko buɗe baki ba. Na ɗaure kayana, ba su da yawa. In na sauka Kano zan wuce gida kai tsaye, in rungumi 'ya'yana, in saurari faɗan Yaya Sale har ya gaji, sannan in fara neman aiki ko a ɗakin shan magani na ƙauye ne. Bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Mata ba sa shiga inda kike, don haka zan tsaya daga bayan shinge in sa a nuna min wurin, in yi miki sallamar da na makara da ita.

Allah ya jiƙanki, Inna, ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki, ya shayar da ke daga tafkin da ba a ƙishirwa bayansa. Allah ya jiƙan Baba da baban su Jamila. Allah ya kiyaye ƙafar Ummu Mansur, ya sanyaya mata zuciya a kaina ko bayan na tafi. Allah ya buɗa min ƙofar da zan riƙe marayun nan ba tare da na sunkuyar da kai ba. Amin.

Ki huta lafiya. Ina nan tafe, hannuna wayam, kuma ban ci ba.

Taki har abada,
autarki Hansai,
Malaz, Riyad.